Darasi na 7: Maganin Ciyawa Mai Zaɓe

Da yawa daga cikinmu a zangon Kumasi muna da gona a wajen gari, wasu har Ejura suke zuwa noman masara. Ruwan Afrilu na sauka, sai ka ga shagunan maganin gona na Kejetia sun cika. Darasin yau a kan magani ɗaya ne. A jikin kwalbarsa an rubuta 2,4-D. Ku duba lambobin da kyau, ku rubuta su a littafinku.

An fara sayar da shi a shekarun 1940. Wanda aka fi samu a nan shi ne mai suna amin. Ruwa-ruwa ne, yana narkewa a cikin ruwa, kuma galibi kowace lita na ɗauke da giram 720 na sinadarin. Akwai wani nau'in, esta, wanda yake tashi kamar tururi idan rana ta yi zafi, iska ta kai shi gonar maƙwabci.

Yaya yake kashe ciyawa? Yana kama da sinadarin da ke sa tsiro girma. Tsiro mai faffaɗan ganye idan ya sha shi, sai ya yi ta girma ba tsari, kara ya murɗe, ganye ya nannaɗe, a hankali ya mutu. Masara, dawa, gero da shinkafa kuwa 'yan gidan ciyawa ne masu siririn ganye, suna jure shi.

To, a nan ake yin asara, don haka mu tsaya. Maganin bai san amfanin gona ba, bai san ciyawa ba. Faɗin ganye kawai ya sani. Wake, gyaɗa, kuɓewa, tumatir, barkono, rogo, duk a wurinsa ciyawa ne. Mu kuma mun saba shuka wake a tsakanin masara, ko uwargida ta sa kuɓewarta a gefen kunya. Gonar da aka haɗa shuka irin wannan ba a fesa mata 2,4-D. Ciyawa mai siririn ganye kuma ba ya taɓa ta, ko nawa ka ƙara. Ƙarin sai dai ya lanƙwasa masararka.

A fesa tun ciyawa tana ƙarama, masara kuma ba ta wuce tsawon santimita 20 ba. Idan ta fara bunni, lokaci ya wuce. A yi feshi da safe, babu iska, babu hadari, domin ruwan sama yana wanke shi idan bai samu sa'o'i a jikin ganye ba. Awo kuwa yana kan takardar kwalba. Gwangwanin madara ba ma'auni ba ne. A duba girman famfon feshi, lita 15 ne ko 16, sannan a auna. Wannan karatun da muke koyo, ga ranarsa.

A gindin takardar akwai zane mai launi. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. A nemi lambar rajistar EPA, hukumar kare muhalli ta Ghana. Kada a sayi wanda aka ɗura a gorar ruwa, yaro zai ɗauka abin sha ne.

Ido ne abin da na fi ji muku tsoro, domin ɗanyen maganin yana iya lalata shi. A sa tabarau da safar hannu ta roba tun wajen haɗawa, da doguwar riga da takalmin roba. Ba cin goro, ba shan taba sai an yi wanka da sabulu. Idan ya fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15. Wanda ya haɗiya, kada a ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai. A kai shi asibiti nan take, tare da kwalbar.

Kwalba idan ta ƙare, a ɗauraye ta sau 3, a juye ruwan a famfon feshi, a huda ta. Famfon da ya sha 2,4-D kuma a ware shi, kada ya kusanci lambun tumatir.

Aikin gida: ka je shago, ka karanta takardar kwalba ɗaya, ka rubuto mana launin zanenta da awon da ta ce.