Fitar da kuromiyam daga taɓon majema da bakteriya

A dama giram 30 na busasshen taɓo cikin kowace lita ta ruwa, a zuba giram 10 na garin farar wuta, sannan a sa bakteriyar Acidithiobacillus thiooxidans. Ita ke mai da farar wutar asid, asid ɗin ya narkar da kuromiyam, ƙarfen da ke cikin taɓon. Durom na roba ake so, don asid na cin na ƙarfe. A riƙa hura iska ba tsayawa, a inuwa: digiri 30 take so, zafin Afrilu na Maraɗi kuwa kwantar da ita yake. In pH, wato ma'aunin ƙarfin asid, ya ƙi sauka zuwa 2 bayan sati biyu, wataƙila damun ya yi kauri, sai a tsinka shi. In pH ya sauka zuwa 2, a sa safar hannu a tace, a ɗiga soda mai kashe asid cikin ruwan da aka tace har pH 8, kuromiyam zai kwanta kore-kore.