Tulu uku da suka raba ni da 'yan garuwa

Shekarar da muka tare a gidanmu na Katsina, na sayo ciyawar nan mai laushi irin ta gidajen Abuja na shimfiɗa a tsakar gida. Da damina ta yi kore shar, har maƙwabta na leƙowa. Afrilu na kamawa, jarka huɗu a rana ba ta isarta. Kafin ƙarshen bazara ta koma kamar tsohuwar tabarma, kuɗina kuma yana aljihun mai ruwa. Na tuge ta na sake lale.

In kana son shuka marar cin ruwa da yawa, ka fara da duba inda ruwa ke bi a gidanka. Ran da aka yi ruwan sama, tsaya a bakin ƙofa ka ga inda indararo ke zuba da inda ruwan ke kwanciya. Nan za ka shuka. Ni na ƙara da wurin alwala: na ja 'yar kwata daga can zuwa gindin zogale, kuma tun daga lokacin ban sake ɗaukar bokiti dominsa ba. Ruwan wanki mai omo dai kada ka kai shi gindin shuka.

Sai rami. Manoman Tawa a Nijar suna da dabarar da suke kira tassa: a haƙa rami a busasshiyar ƙasa, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki maimakon ya gudu. Ita na ara. Zurfin kamu ɗaya, faɗin kamu ɗaya, a cakuɗa ƙasar da kashin awaki wanda ya daɗe ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake. Kada ka cike ramin ya yi daidai da ƙasa, bar shi da ɗan kwari kamar akushi.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini amfani. Sayi sabon tulu na ƙasa marar fenti, irin wanda ruwa ke tsatsafowa ta jikinsa. Binne shi har wuya, kamar taku ɗaya daga gindin dashen, ka cika shi ka rufe bakin da fasasshen kasko saboda sauro. Ƙasa in ta bushe sai ta tsotsi ruwan a hankali, in tana da laima ta bar shi. Rana ba ta samun rabonta. Tuluna uku ne, kuma ko a tsakiyar bazara sai bayan kwana huɗu ko biyar nake waiwayarsu. Wata rana na tone gefen ɗaya don in gani, na tarar saiwoyi farare sirara sun nannaɗe shi kamar zare.

Abin shukawa kuwa, nemi 'yan gida. Lalle a jikin katanga, yana shinge, mata kuma na tsinka. Zogale, amma in ya kai ƙirji ka sare kansa, in ba haka ba zai miƙe kamar sandar rake. Magarya ko kurna in akwai fili. Don ado, itacen karya: tana fure ja-ja da rani lokacin da komai ya bushe, sai dai ruwan jikinta guba ne, a nisanta ta da yara. Darbejiya akwai inuwa, amma ni ba na son ta kusa da gini ko masai, saiwarta ba ta jin magana.

Yi dashe a Yuli, damina ta yi maka rainon wata biyu zuwa uku kyauta. In ruwa ya ɗauke, rufe gindin da buntun shinkafa ko busasshen ganye, ka bar tazarar yatsa huɗu daga jikin itacen don gara, ka barbaɗa toka.

Kuma ka kewaye kowane dashe da ƙaya ko tubali tun ranar farko. Zogalena na farko, akuyar maƙwabta ce ta gama da shi kafin a idar da sallar la'asar.