Salatin ƴaƴan itace a bazara: inda muke ɓata shi da hannunmu

Idan zafin Afrilu ya kama Maradi, ba kowa ke iya tuwo da rana ba. Ga mangwaro ya cika kasuwa, ga kankana jibge a bakin hanya, sai rai ya so abu mai sanyi. Amma sau nawa uwargida ta yanka kaya masu kyau, kafin a zauna ci kwanon ya zama tafki?

Ruwa ne ke kashe salati, kuma mu ke jawo shi. A wanke ganyen salati a zuba shi yana ɗiga, sannan a kwarara mahaɗin mai da lemun tsami tun da hantsi, alhali sai bayan azahar za a ci. Gishiri yana tsotso ruwan da ke cikin ganye da kankana da kokwamba, shi ya sa komai ke yin laƙwas. Ƴar'uwa, wanke ganyenki da ruwa mai tsabta kamar sau uku, ki baza shi a kan kwando ya tsane sarai. Mahaɗin ki bar shi a kwalba, sai an shimfiɗa tabarma ki zuba. Kankana ita ce ta ƙarshe.

Ki ɗanɗana ganyen tun wurin mai lambu. Ganyen salati amfanin sanyi ne, idan zafi ya tsananta yakan yi ɗaci, ko na lambunan Jiratawa da ke kusa da Maradi ne.

A wajen mahaɗin na fi ganin ɓarna. Wasu su tsiyaya mai kai tsaye, su matsa lemu a kai, kowane ya kama gabansa. Ki auna cokali 3 na man gyaɗa mai kyau, cokali 1 na ruwan lemun tsami, ɗan gishiri da rabin ƙaramin cokali na zuma, ki rufe kwalba ki girgiza har su haɗu su yi kauri. Zumar kada ta wuce haka, mangwaro ya riga ya kawo zaƙinsa. Idan akwai jaririn da bai kai shekara 1 ba, kada a lasa masa, zuma ba ta dace da shi ba. Ni nakan barbaɗa garin ƙuli-ƙuli daga sama, kuma ban ga abin da ya kai shi daɗi da mangwaro ba.

Mangwaron ma ki zaɓa. Wanda ya nuna luguf ko mai zare na sha ne, ba na yanka ba. Nemi mai tauri kaɗan. Ayaba tana baƙi da wuri, ki ɗiga mata lemun tsami da kin yanka. Albasa, ko ta Galmi ce, garin da ya yi suna da albasa, ki jiƙa ta minti 10 a ruwan sanyi don kada ta danne ƙamshin sauran.

Masu son zuba nono ko yawurt su kiyaye ɗanyar abarba da gwanda. Suna da sinadarin da ke narkar da madara, idan suka jima tare sai ɗaci ya fito.

Abin da ya fi damuna shi ne ajiya. Yankakken ɗan itace bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, a zafinmu da ke haura digiri 40 kuwa awa 1 ce iyakarsa. Idan an ɗauke wuta, ki bar kankanar a cikin ɓawonta ki sa ta inuwa kusa da randa, sai masu ci sun hallara ki ɗauko wuƙa.