Yadda Mai Bi Zai Bi da Tsoro Idan Dare Ya Yi

Fara da kiran abin da sunansa. Ɗauki takarda ka rubuta abu ɗaya tak da ke hana ka barci: bashi, ciwon yaro, ko fargabar da ta zauna wa Kiristocin Damagaram da yawa tun ƙone majami'u a Janairun 2015. Tsoron da ba a ambata ba girma yake yi.

Sai ka buɗe Littafi Mai Tsarki. Zabura 91 ayoyi 16 ce. Karanta ta da murya, sannu a hankali, kana jan numfashi bayan kowace aya. Minti biyar sun isa. Haddace Ishaya 41:10, ayar da Allah ya ce kada ka ji tsoro, don in wuta ta ɗauke ba sai ka nemi tocila ba.

A nan mutane ke kuskure: suna roƙo kawai. Filibiyawa 4:6 ta haɗa roƙo da godiya, saboda haka ka ambaci alherai uku da Ubangiji ya yi maka kafin ka kawo kukanka. Zuciyar da ta tuna taimakon jiya ba ta saurin karaya. Kuma kada ka mayar da ayar laya, ka cusa ta ƙarƙashin matashi ba tare da ka san ma'anarta ba.

Ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya, jita-jitar WhatsApp makamashin tsoro ce.

In an yi mako biyu zuciya na bugawa, abinci ba ya shiga, gaya wa fasto ko dattijon ikkilisiya, sannan ka je asibiti a auna hawan jini.