Yadda za ka fara bincikenka na farko a makarantar likitanci

Kusan kowace shekara sai ɗalibi ya shigo ofishina da magana iri ɗaya: "Malam, ina so in yi bincike a kan ciwon suga." Nakan nuna masa kujera, in ce, to, me kake son sani game da ciwon sugan? Galibi sai ya yi shiru. Ba na ganin laifinsa, domin daga wannan shirun kowa ya faro. A cikin makaranta guda za ka tarar da mai leƙen ƙwayoyin halitta a madubin ɗakin gwaje-gwaje, da mai gwada sinadari a kan ɓeraye, da mai tonon tsofaffin fayil-fayil na marasa lafiya, da mai fita cikin jama'a yana auna nauyi da hawan jini, kuma dukkansu idan ka tambaye su, ciwon suga suke bincike a kai. Kai wane lungu za ka tsaya?

Kada ƙarancin shekaru ya karya maka gwiwa. Paul Langerhans yana ɗalibin likitanci a Balin ya bayyana 'yan dunƙulen ƙwayoyin halittar da ke cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, a 1869, waɗanda daga baya aka gane su ke samar da insulin. Jay McLean yana shekararsa ta biyu a makarantar likitanci ta Johns Hopkins a 1916 ya ci karo da abin da ya buɗe hanyar samun hefarin, maganin da ke hana jini daskarewa. Charles Best ma ɗalibi ne lokacin da ya taya Frederick Banting aiki a Jami'ar Toronto a 1921, kuma a watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar insulin ta farko. Abin da ya haɗa mutanen nan shi ne kowannensu ƙaramin abu guda ya sa a gaba, ya zuba masa ido sosai.

Saboda haka aikinka na farko shi ne matse tambaya. Ni nakan sa ɗalibi ya rubuta ta a jimla ɗaya mai ɗauke da abubuwa huɗu: su waye za a duba, me za a yi musu ko me ya same su, da wa za a kwatanta su, sannan me za a auna. Ga misali: a cikin manya masu ciwon suga nau'i na biyu da ke zuwa asibitin koyarwa, waɗanda ake tura wa saƙon tunin shan magani ta waya, shin gwajin HbA1c nasu ya fi sauka bayan wata shida fiye da na waɗanda ba a tura wa ba? Ka ga yanzu akwai abin kamawa. An zaɓi wannan gwajin ne saboda yana nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, saɓanin awon yatsa da ke nuna na wannan sa'ar kaɗai. Idan tambayarka ta ƙi shiga jimla ɗaya, ba ta nuna ba tukuna, koma ka sake tunani.

Daga nan sai karatu. PubMed, rumbun neman takardun binciken likitanci a intanet, kyauta ne, ɗakin karatun likitanci na ƙasar Amurka ke kula da shi. Duba Cochrane, rumbun nazarin da ke haɗa sakamakon bincike da yawa wuri guda, ka ga ko wani ya riga ya tattara binciken da aka yi a kan batun. Idan makarantarka tana cikin ƙasashen da shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya ya shafa, je wurin ma'aikacin ɗakin karatu ya nuna maka yadda ake shiga, za ka samu mujallu da yawa da ba za ka iya buɗewa da kanka ba. Ka sauke Zotero, manhajar adana takardun da ka karanta, tun ranar farko, kowace takarda ka karanta ka jefa ta ciki. Shawarata guda a nan: ka fara karanta sashen da ya bayyana yadda aka yi aikin kafin ka leƙa sakamako. Nan ne ake gane takardar da za a dogara da ita.

Tambayar ce za ta zaɓa maka salon bincike, kuma tarihi ya bar mana misalai masu sauƙin riƙewa. A 1747 James Lind ya ɗauki matuƙan jirgin ruwa 12 masu fama da cutar da yanzu muka san rashin bitamin C ke kawo ta, ya raba su bibbiyu, ya ba kowane rukuni abu daban. Waɗanda suka sha lemon zaƙi da na tsami su suka farfaɗo. Wannan gwaji ne na kwatantawa. A 1948 aka buga gwajin maganin sitireftomaisin a kan tarin fuka a Ingila, inda aka bar ƙuri'a ta raba marasa lafiya, don kada son ran likita ya shiga cikin rabon. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill sun bi ta baya: suka tattara masu kansar huhu da marasa ita, suka tambayi kowa tarihin shan tabarsa. Binciken zuciya na Framingham kuwa, wanda ya fara a 1948 da mutum 5,209, bin sawun mutane ya yi shekara da shekaru yana jiran ganin wa zai kamu. Kai da kake da wata shida ko shekara guda, abin da ya fi dacewa da kai yawanci shi ne awo na lokaci ɗaya, ko nazarin fayil-fayil, ko wani yanki na aikin da malaminka ya riga ya kafa a ɗakin gwaji. Babu raini a cikin wannan. Sai dai ka sani awo na lokaci ɗaya yana nuna cewa abu biyu suna tafiya tare ne kawai, ba ya iya tabbatar da cewa wannan ne ya haddasa wancan, kada ka rubuta fiye da abin da ka gani.

Je wurin masanin ƙididdiga kafin ka taɓa mara lafiya ko ɗaya. Tun ran gini tun ran zane. Shi zai gaya maka mutum nawa kake bukata. Idan kana son sanin yawan masu wata cuta a cikin jama'a mai yawa, ba ka da wani hasashe a hannu, kana son tabbaci na kashi 95 cikin ɗari da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba, lissafin yakan kai ka wajen mutum 384, sannan ka ƙara wasu saboda waɗanda za su ƙi amsawa. Shi ne kuma zai hana ka wata ɗabi'a da ke lalata aikin masu farawa: a tara bayanai, a yi ta gwada wannan da wancan har sai wani abu ya fito. Idan ka gwada abubuwa 20 da ba su da alaƙa da komai a kan ma'aunin 0.05, iyakar da aka saba sawa don a ce sakamako ba sa'a ba ne, ana sa ran ɗaya zai fito kamar gaskiya don sa'a kawai. Ka rubuta babban abin da za ka auna tun farko, ka tsaya a kansa.

Yanzu mun zo inda nake son ka zauna da kyau. Duk abin da ka tsara zai shiga kundin tsarin bincike, kundin kuma zai je gaban kwamitin kula da ɗa'ar bincike na makarantarku. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar wannan kwamiti a matsayin shinge mai ɓata lokaci. Ni kuwa duk lokacin da na ji haka sai in ba da labarin Tuskegee. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta Amurka ta riƙa bin wasu baƙaƙen fata kimanin 600, kusan 400 daga cikinsu masu tunjere, ana kallon yadda cutar ke cin su, ba a ba su magani ba ko bayan da fenisilin ya samu. A 1951 an ɗebi ƙwayoyin kansa daga jikin Henrietta Lacks ba da saninta ba, har yau ana aiki da su a ɗakunan gwaji na duniya. Likitoci masu ilimi ne suka yi waɗannan abubuwa, kuma suna ganin suna yi wa kimiyya hidima. Irin wannan cin zarafi ne, musamman gwaje-gwajen da likitocin Nazi suka yi a kan fursunoni a Yaƙin Duniya na Biyu, ya sa aka samu ƙa'idojin Nuremberg a 1947, da Sanarwar Helsinki ta Ƙungiyar Likitoci ta Duniya a 1964 wadda ake ta sabuntawa har yanzu. Karanta ta, ba ta da tsawo.

Ba a fara tara bayanai sai takardar izinin kwamiti ta fito, ko da kuwa tsofaffin fayil kawai za ka buɗe. Takardar neman amincewar mara lafiya kuma ka rubuta ta da harshen da yake ji, da kalmomin da zai iya maimaita maka. Ka gaya masa me za a yi, jini nawa za a ɗiba, wace illa ce ka iya biyo baya, wa zai ga sunansa. Abu mafi nauyi: ka tabbatar ya gane cewa idan ya ce a'a, za a ci gaba da duba shi kamar kowa. Mutumin da ke kwance a gado, ga ka tsaye a kansa da farar riga, da wuya ya iya ce maka a'a. Ka ja kujera ka zauna, ka ba shi lokaci, idan yana son ya yi shawara da iyalinsa ka bar shi. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa gaban shaidar da ba ta cikin masu binciken. Yaro kuwa sai da izinin iyaye, kuma idan ya kai fahimta a nemi yardarsa shi ma. Mai aiki da dabbobi shi ma yana da nasa ƙa'idojin, guda uku da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959: a maye gurbin dabba da wata hanya idan akwai, a rage yawansu, a sauƙaƙa musu wahala. Idan aikinka gwajin magani ne ko wata hanyar jinya, sai an yi masa rajista a rumbu irin ClinicalTrials.gov kafin mutum na farko ya shiga. Manyan mujallun likitanci sun sa wannan sharaɗi tun 2005.

Kafin babban aiki, gwada takardar tambayoyinka a kan mutum goma ko ashirin. Za ka gano tambayar da kowa ke fahimta a karkace.

Sai maganar adanawa, wadda na koya da ciwon rai. A aikina na farko na rubuta lambobin samfurin jini da alƙalamin da ba ya jure sanyi da danshi, na jera su a firiza. Da na dawo bayan watanni, rubutun wasu ya goge, ban iya sanin na waye ba, dole aka zubar. Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da suka miƙo hannu aka soke su da allura saboda sun yarda da ni. Tun daga ranar nake amfani da lambar manne da aka yi don sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kuma kowane akwati yana da taswirarsa a takarda da kuma a kwamfuta. Kai ma yi haka. Ka ba kowane mutum lamba, takardar da ta haɗa lamba da suna ta zauna a kulle a wani wuri daban. Littafin ɗakin gwaji a rubuta shi da biro, da kwanan wata, idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a bar shi yana karantuwa. Don tara bayanai akwai REDCap da KoboToolbox, don lissafi akwai R da Epi Info. Idan Excel za ka yi amfani da shi ka yi hattara: ya daɗe yana mayar da sunayen ƙwayoyin gado irin SEPT2 da MARCH1 zuwa kwanan wata, har ta kai a 2020 kwamitin da ke raɗa waɗannan sunaye ya sauya su. Asalin fayil ɗin bayananka kada ka taɓa shi, yi aiki a kan kwafi, ka ajiye wani kwafin a wuri na biyu.

Maganar sunan wa zai hau takarda, da wanda zai zo farko, a yi ta tun kafin a fara aiki, a rubuta. Na ga zumunci ya lalace a kan wannan. Ƙa'idar editocin mujallun likitanci ita ce marubuci sai wanda ya sa hannu sosai a tsara aikin ko tara bayanai ko fassara su, ya taya rubutu ko gyara, ya amince da abin da za a buga, kuma ya yarda a tuhume shi a kansa. Girman muƙami kaɗai ba ya cikin sharuɗɗan.

Wajen rubutu, jagorar STROBE ta masu binciken lura ce, CONSORT ta masu gwaji ce. Buɗe wadda ta dace da kai ka bi ta layi-layi. Idan sakamakon ya nuna saƙon wayar nan bai sauya komai ba, rubuta haka, ka tura shi, domin wani asibiti zai huta da kashe ƙarfinsa a kai. Ka guji mujallar da ta aiko maka da wasiƙar yabo tana alkawarin bugawa cikin mako guda idan ka biya. Duba ko tana cikin PubMed ko DOAJ (jerin mujallun da aka tantance waɗanda ake karantawa kyauta), ka kuma tambayi malaminka. Mujallar kirki za ta iya mayar maka da takarda da gyare-gyare shafi uku. Ajiye ta kwana biyu zuciyarka ta kwanta, sannan ka amsa kowace magana ɗaya bayan ɗaya, inda ka gyara ka nuna shafi da layi, inda ba ka yarda ba ka kawo hujja cikin ladabi. Kafin amsa ta dawo, nemi minti goma a taron sashenku, ka gayyaci ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaji da suka taya ka, ka nuna musu abin da aka samu, sannan ka rubuta shi a shafi guda da sauƙin harshe, a ba marasa lafiyar da suka shiga binciken ranar da za su dawo ganin likita.