In bautar ƙasa ta kai ka Kalaba, ga yadda za ka kalli bakin kogi

'Yan Kano da aka tura Kuros Riba ko Akwa Ibom, don Allah kar ku gama shekara ba ku je inda kogin Kuros yake haɗuwa da teku ba. Ruwan can ba irin na Tiga ko Challawa ba ne, sau biyu yake cika ya janye a kullum, kuma lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana, don haka kafin ka fita tambayi mai jirgi yaushe ruwa zai janye. Kalandar Musulunci ma za ta taimake ka, wajen tsayuwar wata da 14 ga wata ruwan ya fi cika ya fi janyewa.

Ka je lokacin da ya janye, da safe in ya dace. A nan ne taɓo yake fitowa ka ga ƙaguwa da wani kifi mai tsalle a kan laka da tsuntsayen da wasunsu daga Turai suke zuwa lokacin sanyi. Ka sa rigar kariya a jirgi, kar ka taka taɓon don yana riƙe ƙafa, ledar fiya wata kuma ka dawo da abarka.

Bishiyoyin da za ka ga saiwarsu a waje su ake kira mangurob, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawansu, kuma a cikin saiwar nan kifi da kirafish suke girma kafin su fita teku. Ana sare su ana ƙyafe kifi, inda aka sare kuma sai wata bishiya mai kama da kwakwa, nipa, wadda aka shigo da ita Kalaba a 1906, ta mamaye wajen.

Abin da ya fi damuna shi ne ayu. Yana rayuwa a ruwan nan, galibi ciyawa yake ci, macen kusan shekara take ɗauke da ciki ta haifi ɗa ɗaya tak, amma mu a Kano muke neman man ayu ana ta tallarsa a kayan mata. Wallahi duk kwalbar gaske ayu aka kashe kafin a cika ta, kuma doka ta hana farautarsa. In an ce ka zo da shi tsaraba ka ce a'a, ka sayo musu kirafish a garin Oron na Akwa Ibom.