Yadda Ake Kai Iyali Hutu Daga Maraɗi Zuwa Yamai Kafin Rana Ta Faɗi

Da zarar an rufe lakwal an shiga babban hutu, yara sukan fara damun mutum da tambaya: "Baba, yaushe za mu Yamai wajen Gwaggo?" Suna da gaskiya. Zumunta a ƙafa take, kuma yaron da ya tashi a Maraɗi ya kamata ya ga kogi da idonsa, ya hau gadar Kennedy, ya tsaya gaban manyan ƙasusuwan dabbobin zamanin da a gidan tarihi na Bubu Hama. Sai dai tsakanin ƙofar gidanka da Yamai akwai kilomita wajen 660. Tafiyar da direba shi kaɗai zai cinye cikin awa 9, mai iyali sai ya ware mata awa 11 ko 12, saboda fitsarin yara, da salla, da abinci, da shingayen jami'an tsaro.

Duk abin da zan faɗa a nan buri ɗaya yake nema: ka tashi da an sallame asuba, ka shiga Yamai kafin kiran magariba. Wata shekara mun saɓa wannan. Sallama da ƴan uwa ta riƙe mu har ƙarfe 9 na safe. Bayan mun wuce Dogon Dutsi tayar baya ta fashe, na buɗe but na tarar tayar sakur ba iska ko kaɗan. Har yau ina ganin ƙaramar ƴata a bakin kwalta, ta riƙe mini fitilar waya da hannu biyu, hannun na rawa, manyan motoci na wucewa iskarsu na kaɗa mata hijabi. Ba ta yi kuka ba, sai tambaya take: "Baba, za mu kwana nan ne?" A Doso muka kwana. Tun daga ranar na canza yadda nake shiri.

Mota: mako guda kafin tafiya

Kada ka kai mota gareji ana gobe tafiya. Kai ta saura kwana 7, don in makanike ya taɓa wani abu ka samu kwanakin yawo da ita cikin gari ka ji ko gyaran ya zauna. A yi juyen mai, a duba birki, da batir, da ruwan lagireto, da bel ɗin inji, da fitilu gaba da baya. Tunda babban hutu damina ne, a sa sababbin robobin share gilashi.

Taya kuwa sai an tsaya a kanta, domin ita ce ta fi kayar da mutane a hanyar nan. Yawancinmu tayar hannu muke saye, wadda ta riga ta sha tafiya a wata ƙasa, kuma kyan zanen da ke bayanta ba ya nuna shekarunta. Duƙa ka duba gefenta, za ka ga lamba huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara 6, ko wadda gefenta ya fara tsattsagewa, kada ka ɗora mata ƴaƴanka a kan kwalta mai zafi. Iska kuma da safe ake aunawa, kafin taya ta ɗumama. Sannan ka fito da tayar sakur da hannunka, ka kai wa mai faci ya auna ta, ka gwada jak da abin kwance noti a ƙofar gida. Akwai motocin da notinsu ya ciza tun shekara biyu, mai su bai sani ba.

Ƙara da igiyar ja, da wayar tada batir, da fitilar hannu, da alamar nan mai kusurwa uku, da abin kashe gobara. Biyun ƙarshe jandarmomi ma kan tambaya.

Takardu

Jaka ɗaya, a hannun mutum ɗaya. A ciki: lasisin tuƙi, da kartigiris, da asirans, da takardar duba lafiyar mota, a tabbata babu wadda wa'adinta ya ƙare. Kowane babba da katinsa na ɗan ƙasa, har Hajiya Kaka in da ita za a je. Yara a ɗaukar musu takardun haihuwa. In akwai ɗan wani a cikin tafiyar, ɗan ƙane ko ɗan maƙwabci, a karɓi takardar izinin iyayensa. Tikitin kuɗin hanya da za ka yanka a bakin gari, ajiye shi inda hannu zai kai, za a sake nema a gaba. A shinge ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke gilashi, ka yi sallama. Mai cikakkun takardu da sakin fuska ba ya daɗewa.

Tambayi hanya kafin ka hau ta

Ana jibi tafiya ka leƙa tasha ka zauna da direbobin da suka zo daga Yamai a ranar. Su ne suka san inda kwalta ta farfashe, da inda ake aiki aka karkatar da motoci ta cikin laka, da inda korama ta cinye gefen hanya. Su ne kuma za su faɗa maka gaskiyar halin tsaro, wanda yau da gobe yake canzawa. In suka ce a dakata, a dakata. Hutu ba ya ƙarewa a kwana ɗaya.

Lissafin mai kuma a gida ake yinsa. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta buƙaci wajen lita 53, in ga kaya ga sanyin mota a kunne, ta fi haka. Cika tanki tun da yamma, ka sake cikawa a Kwanni ko Dogon Dutsi, kada ka jira allura ta kwanta. Ni dai in ina ɗauke da iyali gidan mai nake shiga. Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa yakan fitar da mutum kunya ranar da ya maƙale, amma ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba. Kuma kada a ajiye jarkar fetur cikin motar da yara ke zaune.

Guzuri da ɗaurin kaya

Wannan fagen uwargida ne, kuma wanda ya bar mata shi ya huta. Abin da na koya daga wurinta: abincin hanya busasshe ake so. Soyayyar kaza ko zabuwa da aka soya ta bushe, dambun nama, biredi, dafaffen ƙwai da za a cinye kafin azahar, dabino, ƙuli-ƙuli. Abinci mai miya yakan lalace cikin zafi ya kuma ɓata kujera. Fura da nono a sa cikin kula da ƙanƙara, a sha da hantsi. Direba kuwa ya ɗan kurɓa kawai, domin fura da sanyin mota barci suke kira. Ruwan sha a ƙiyasta wa kowa lita 3, a ƙara jarka guda ta alwala da wanke hannu da lagireto, da buta biyu, da tabarma.

Ƙaramar jakar magani: farasitamol na manya da na yara, gishirin zawo na fakiti, bandeji, da maganin duk mai ciwon da ke shan magani kullum, kamar hawan jini ko suga, wanda zai kai har dawowa. In fakitin ya ƙare ana haɗawa: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a bar gidan sauro a gida don ana ganin birni za a je. Yamai bakin kogi take, kuma damina ce.

Kaya a ɗaure su da daddare, masu nauyi a ƙasa. Tsaraba tana da daɗi, amma buhun gero da jarkar man gyaɗa da akwatuna biyar a kan ƙaramar mota su ne ke fasa taya. Abin da ya yi yawa a aika ta motar kaya. Kuɗi ma kada a tara su aljihu ɗaya: riƙe canji na hanya, sauran ka tura ta kamfanin aika kuɗi ka karɓa can.

Sallama da dangi da maƙwabta ita ma da daddare ake gama ta. Wannan ƙaramar magana ce, amma ita ta ci mana awa uku a waccan tafiyar. Direba ya kwanta da an yi isha.

Ranar tafiya

A tada yara a yi musu wanka kafin kiran salla. Ana sallamewa a shiga mota, a yi addu'ar hawa abin hawa tare, da murya, yara su ji su koya. Yara duka a baya, kowa da bel, a danna makullin ƙofa na yara. Jariri ba ya zama a cinya a kujerar gaba, ko da kuka yake; in birki ya zo ba shiri, babu hannun uwar da zai iya riƙe shi. Wanda mota ke sa wa amai a zaunar da shi inda zai riƙa hangen gaba, a ba shi leda da ɓarin lemon tsami, a hana shi kallon waya.

Ga yadda nake raba hanyar. Daga Maraɗi ta Tsibiri da Gidan Rumji zuwa Madawa, zango na farko, da sanyin safiya, yara na barci. A Madawa a miƙe ƙafa a karya, mai son kilishi ya saya, garin ya yi suna a kansa. Daga nan Galmi, garin albasa, sai Malbaza inda za ka nuna wa yara masana'antar siminti, sai Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, sai Kwanni. Ka ci kilomita wajen 240 ke nan, kuma in ka isa kafin ƙarfe 10 da rabi, tafiya na kan tsari. Kwanni zuwa Dogon Dutsi wajen 145 ne, a nan rana ke tsakiya, a nan kuma barci ke sallama. Dutsi zuwa Doso wajen 135, Doso zuwa Yamai wajen 140.

A Dogon Dutsi nake yin babban zango: salla, abinci, mai, hutun minti 40. Matafiyi an yi masa sauƙi, ya yi kasaru, raka'a biyu-biyu, ya kuma haɗa azahar da la'asar. Karɓi sauƙin, zai rage maka tsayawa ɗaya. Ko ina aka tsaya, a sauka daga kwalta sosai, a fito da yara ta ƙofar da ba ta kallon hanya, kuma kada a bar yaro cikin rufaffiyar mota ko na minti biyar.

Direba ya tsaya duk bayan awa 2 ko bai gaji ba. Shayi da goro suna jinkirta barci, ba sa biyan bashinsa. In ka ga ka fara hamma a jere, ko ka kasa tuna kilomitan da ka wuce yanzun nan, nemi gari ka kwanta minti 20 a inuwa. Uwargida ko babban ɗa da ke gaba aikinsa ke nan, ya riƙa kallon idon direba yana jansa da hira: "Alhaji, ko mu ɗan tsaya ka wanke fuska?" Kada ka ji haushin wannan tambaya.

Hanyar ta ratsa tsakiyar garuruwa da yawa. Ranar kasuwa za ka tarar da amalanke da jakuna da ƴan talla har kan kwalta, ga tudun rage gudu da ba a ganinsa sai an zo kansa. Da damina dabbobi kan ɓullo daga bayan gero ba sallama. In akuya ɗaya ta tsallaka, ka san ƴaƴanta na biye. Manyan bas-bas in sun taho a guje, ba su hanya. Gingimari mai lodin albasa kuma kada ka wuce shi a kan tudu ko kwana, sai ka hangi gabanka sarai. In hadari ya taso da ƙura har ka daina ganin hanya, sauka gefe can nesa, kunna fitilun gargaɗi, ka jira. Ruwan da ke gudu bisa hanya ba a gwada zurfinsa da motar iyali. In inji ya yi zafi, kashe shi, kada ka taɓa murfin lagireto sai ya huce. Lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18, amma ka bar wa wani ɗan uwa a gida da wani a Yamai labarin inda kake a kowane zango.

Yara kuwa, waya ba ta riƙe su awa 12. Hanyar da kanta makaranta ce. A sa su ƙirga duwatsun kilomita, su karanta sunayen garuruwa, Kaka ta yi musu tatsuniya da kacici-kacici. Da kun doshi Doso kunne zai fara jin Zabarmanci, sai a koya musu "fofo" su gaida mai sayar da ruwa. Bayan Birnin Gaure, wajen Kure, kowa ya zuba ido ta taga: yankin raƙuman dawa ne, irin waɗanda suka rage a Afirka ta Yamma, wani lokaci akan hange su daga kan hanya. A kalla daga cikin mota, kada a bar kwalta a bi su daji.

In lissafi ya karye, la'asar sakaliya ta same ka ba ka kai Doso ba, kwana a Doso. Kira Gwaggo ka ce sai da safe.

Dawowa

Mai zuwa yamma rana na yi masa rangwame: magaribar Yamai tana bayan ta Maraɗi da kusan minti 20. Ranar komowa kuwa minti 20 ɗin nan za a cire maka, ga gajiyar hutu, ga kaya sun ƙaru. Don haka sammakon dawowa ya fi na zuwa tsanani. Sake kai motar a auna iska a duba mai tun ana gobe, kuma ka bar wuri a but, domin a Galmi uwargida za ta ce a tsaya a sayi albasa.